Tambaya da Amsa: Masuncin Japan a Ajin Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Turanci ce a aji biyu na ƙaramar sakandare. A zangon da ya wuce na ba ɗalibaina wata tatsuniyar ƙasar Japan da aka rubuta da Turanci, mai suna Urashima Taro. Na tsamo kalmomi 30 daga cikinta na rubuta a allo tare da ma'anoninsu, suka kwafa, suka haddace. Da na gwada su a kan kalmomin, akasarinsu sun ci, amma da muka zo tambayoyin auna fahimta sai kowa ya yi tsuru-tsuru. Shin tatsuniyar ce ta yi musu nisa, tunda ba su san Japan ba, ba su kuma taɓa ganin teku ba? Ba gara in koma ga labaran Ingila ba, tunda harshensu ake koyo, ko kuwa in nemi tatsuniyoyinmu na Gizo da Ƙoƙi waɗanda aka fassara? Daga wata malama, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara taƙaita labarin saboda masu karatun da ba su san shi ba. Urashima Taro saurayi ne masunci. Wata rana ya tarar da yara a bakin teku suna azabtar da wani kunkurun ruwa, tausayi ya kama shi, ya fanshe shi daga hannunsu ya mayar da shi cikin ruwa. Bayan ɗan lokaci kunkurun ya dawo, ya goya shi, ya nutse da shi zuwa fadar Sarkin Teku, inda gimbiya Otohime ta karɓe shi da karramawa. Ya yi kwana 3 a wata ruwayar, shekara 3 a wata, sannan begen iyayensa ya taso masa, ya nemi izinin komawa gida. Gimbiya ta ba shi wani ɗan akwati, ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya buɗe. Da ya iso ƙauyensu bai shaida kowa ba, ba kuma wanda ya shaida shi, domin shekara 300 ne suka shuɗe a bayan ƙasa. Cikin ɗimuwa ya buɗe akwatin, farin hayaƙi ya tashi, nan take ya zama tsoho tukuf. Labarin daɗaɗɗe ne ƙwarai, domin an ambaci Urashima a littafin tarihin Japan mai suna Nihon Shoki, wanda aka kammala a shekarar 720.

A ganina kada ki yar da wannan tatsuniya, kuma dalilina yana cikin zaɓuɓɓuka biyun da kika kawo. Labarin da Bature ya rubuta wa 'yan'uwansa Turawa yana zuwa da nasa baƙin abubuwan, irin su ƙanƙara da lokutan shekara huɗu da zaurancen yankuna, kuma marubucin ba ya tsayawa ya yi bayaninsu domin ya ɗauka kowa ya sani. Tatsuniyar Japan kuwa, tun ranar da aka juya ta zuwa Turanci baƙo aka nufa da ita, don haka mai fassarar kan yi wa mai karatu jagora. Wannan aiki ya daɗe ana yin sa. Tun 1885 wani mai buga littattafai a Tokyo, Hasegawa Takejiro, ya fara fitar da jerin tatsuniyoyin ƙasarsu da Turanci, sannan a 1903 Yei Theodora Ozaki, wadda mahaifinta ɗan Japan ne mahaifiyarta kuma 'yar Ingila, ta wallafa tarin da har yau ake kwafo wa littattafan makaranta. Tatsuniyar Gizo tana da amfani a matakin farko, amma ba ta auna fahimta yadda ya kamata, saboda yaron da kakarsa ta riga ta ba shi labarin zai amsa tambayoyinki daga abin da ya sani tun yana ƙarami, ke kuma ki ɗauka Turancin ya gane. Labarin Urashima ya faɗo a tsakiya. Tsarinsa sananne ne ga kowane yaron Bahaushe, wato wani ya yi alheri an sāka masa, an yi masa hani ya karya, amma yadda zai ƙare sai wanda ya karanta zai sani.

Inda nake ganin aka samu tangarɗa shi ne wajen kalmomi 30 ɗin nan. Idan malami ya zauna tsamo kalmomi daga labari, idonsa kan faɗa ne a kan waɗanda suka fi baƙunta, kuma sau da yawa su ne mafi ƙarancin amfani. A wannan labari akwai sunayen Japan kamar “Ryugu”, sunan fadar, da “tamatebako”, sunan akwatin. Waɗannan ba Turanci ba ne, kuma ya isa a ce wa yara wannan sunan wuri ne, wancan sunan abu ne, a wuce. Akwai kuma kalmomin ƙawa irin su “coral” da “lacquer”, waɗanda ɗalibi zai iya shekara bai sake cin karo da su ba. Kalmomin da suka cancanci allo da alli su ne waɗanda labarin ke tafiya a kansu, kuma za su sake fitowa a jarida da jarabawa da takardar neman aiki: “rescue”, “grateful”, “reward”, “warn”, “promise”, “recognise”, “stranger”. Guda 8 ko 10 irin waɗannan, kowacce a cikin jimlar da ta zo, sun fi 30 da aka jera a gefen allo babu mahalli.

Sai dai ko da an zaɓi kalmomin daidai, fahimtar wannan labari ba a kan manyan kalmomi ta rataya ba. Ta rataya ne a kan wasu ƙananan da ba wanda ke rubuta su a allo saboda an ɗauka kowa ya san su. Ki duba wurin da Urashima ya dawo gida aka ce masa “his parents had died long ago”. Yaron da bai lura da “had” ba zai ɗauka iyayen sun rasu ne bayan ya dawo, kuma da zarar ya ɗauki wannan, duk abin mamakin labarin ya ɓace masa. A Hausa “riga” ce ke yin wannan aikin, kamar a ce sun riga sun rasu, kuma idan kika nuna wa yara haka sau ɗaya a daidai wannan jimlar, za su riƙe fiye da darasin nahawu na mako guda. Haka nan wakilin suna “it”. Mu a Hausa kowane abu namiji ne ko mace, shi ya sa muke bin sawun magana da “shi” da “ita” ba tare da mun yi tunani ba. Turanci kuwa yana kiran kunkurun “it”, akwatin “it”, hayaƙin “it”, har fadar ma “it”, kuma a sakin layi guda ana iya samun biyu ko uku daga cikinsu. Ki sa yara su ja layi daga kowane “it” zuwa sunan da yake wakilta, za ki ga inda zaren ya tsinke musu. Wani wurin kuma harshenmu taimaka musu zai yi: bambancin “a turtle” a farkon labari da “the turtle” daga baya shi ne bambancin “wani kunkuru” da “kunkurun”.

Game da teku, kina da gaskiya cewa akwai giɓi, amma ƙarami ne. Yaron Gusau ya san gulbi da dam da masunta da koma, abin da bai sani ba shi ne ruwan da ba a hangen ɗaya gaɓarsa, mai gishiri, mai cika yana janyewa a kullum. Minti biyar na bayani da Hausa kafin a fara karatu, tare da hoto a waya da taswirar da ke nuna Japan tsibirai ce a cikin teku, sun wadatar. Ba na cikin masu ganin furta Hausa a ajin Turanci laifi ne, muddin ana yin sa ne domin a share wa Turancin hanya.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce ki rarrabe abubuwa biyu da gwajinki ya haɗe, wato gane labari da iya rubuta amsa da Turanci. Bayan an karanta, ki ce wani yaro ya maimaita labarin da Hausa. Idan ya kawo shi daidai, to ya fahimta, matsalarsa ta gina jimla ce, maganinta kuma daban. Idan ya kasa, sai a koma ga karatun. Kada kuma ki ba su labarin gaba ɗaya a zama ɗaya. Ki tsaya daidai inda gimbiya ta miƙa akwatin, ki tambaye su me suke zaton yana ciki, kuma zai buɗe ko ba zai buɗe ba, sannan kowa ya nuna jimlar da ta sa ya yi wannan zaton. Bayan an kammala, akwai tambayar da ta sa na fi son wannan tatsuniya a kan wasu da yawa: mutumin da ya ji ƙan dabba, ya kuma bar daula saboda iyayensa, ya cancanci wannan ƙarshe? Labarin bai yanke hukunci ba. Wani yaro zai ce ai ya saɓa alkawari, wani zai ce gimbiya ce ba ta gaya masa gaskiyar lokaci ba, wani kuma zai gano cewa abin da ke cikin akwatin shekarunsa ne da aka ajiye masa, alhali babu jimlar da ta faɗi haka ƙarara a yawancin ruwayoyin da ake ba yara. Wanda ya kai ga wannan ya yi abin da ake nufi da auna fahimta, ko da Turancin amsarsa na da gyara.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai shirin rubuta WAEC. Na sauke littafin tatsuniyoyin Japan na Ozaki daga intanet kyauta domin in ƙara yawan kalmomina. Kusan kowane layi sai na duba ƙamus a waya, shafi biyu kan ci mini awa guda, kuma kashegari na manta abin da na duba. Me nake yi ba daidai ba? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Ɗana, niyyarka mai kyau ce, littafin ne ya fi ƙarfinka a yanzu. Turancin 1903 ne, mai dogayen jimloli da kalmomin da ko Turawan yau ba su cika amfani da su ba. Masu binciken koyon harshe sun auna wannan al'amari. A wani nazari da Marcella Hu da Paul Nation suka wallafa a 2000, sun nuna cewa mai karatu na bukatar ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi da kansa ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin 50. A shafi mai kalma 300, baƙi 6 ke nan. Abin kamar tsakuwa ne a cikin shinkafa: ɗaya ko biyu mutum kan tsince ya ci gaba da cin abincinsa, amma idan kowace loma sai an tauna dutse, ture kwanon ake yi. Saboda haka ka buɗe shafi guda a tsakiyar littafi ka ƙirga kalmomin da ba ka sani ba. In sun haura 15, ajiye shi zuwa gaba, ka nemi ruwayar da aka sauƙaƙa wa masu koyo. Irin waɗannan littattafai masu hawa-hawa sun daɗe, kuma cikin waɗanda suka assasa su akwai Michael West, malamin da ya yi aiki a Dhaka, babban birnin Bangladesh a yau, wanda a 1953 ya fitar da jerin kalmomin Turanci kusan 2,000 da aka fi amfani da su. Wanda ya mallaki waɗannan ya mallaki mafi yawan abin da ke cikin kowace tatsuniya.

Idan ka sami ruwayar da ta dace da kai, ka karanta ta daga farko zuwa ƙarshe wayarka na aljihu, kana ɗan sa alama da fensir a kan abin da ya shige maka duhu. A karatu na biyu ka yi ƙoƙarin hasashen ma'ana daga abin da ke kewaye, sai a na uku ka buɗe ƙamus domin ka tabbatar. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, domin shi ne ainihin abin da jarabawar ke nema. A sashen auna fahimta na WAEC akan ba ka wasu kalmomi a ce ka kawo waɗanda za su iya maye gurbinsu kamar yadda aka yi amfani da su a cikin rubutun, kuma a nan ne mai haddar ƙamus ke faɗuwa. Idan labari ya ce Urashima ya isa “the court of the Sea King”, wanda ya haddace cewa “court” kotu ce zai kai masuncin gaban alƙali, alhali fada ake nufi. Idan aka ce ya roƙi yaran su “spare” kunkurun, ba maganar safayar taya ake yi ba, cewa ya yi su bar shi da ransa. Sannan ka lura da siffar kalmar: idan wadda aka ba ka tana shuɗaɗɗen lokaci, wadda za ka kawo ma dole ta zo a shuɗaɗɗen lokaci, in ba haka ba makin ya tafi ko da ma'anar ta yi daidai.

Mantuwar da kake kuka da ita kuwa ba taka ce kai kaɗai ba. Tun 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne a farko-farko, sannan zubewar ta ragu. Kalma ba ta zama a kai sai an haɗu da ita sau da yawa a wurare daban-daban, tatsuniya kuma tana da wannan falala, domin tana maimaita kalmominta, kuma tatsuniyoyi suna aron kalmomin juna. Bayan Urashima ka karanta ta gwarar da aka yanke wa harshe, inda za ka sake tarar da alheri da sakayya da akwatin da aka ce kada a buɗe a hanya. Abin da za ka rubuta a littafinka kuma ya zama gungu ne, ba kalma tilo ba: “take pity on”, “set free”, “keep a promise”, “break a promise”. Ka duba su kashegari, ka sake bayan kwana 3, ka sake bayan mako, kuma kowane karo ka rufe shafin ka fara ƙoƙarin tunowa kafin ka leƙa.

Tambaya: Malam, 'yata mai shekara 9 ta zo da irin wannan labari daga makaranta, na ga ana maganar sarki a ƙarƙashin teku da wasu abubuwa na al'adun da ba namu ba. Ba zai rikita mata tunani ba? Daga wani mahaifi, Kano.

Amsa: Alhaji, kulawarka abin yabo ce, kuma hukuncin abin da zai shiga gidanka naka ne. Abin da zan ce shi ne yaranmu sun taso da Dodo da 'yan ruwa da Gizo mai magana, kuma tatsuniyarmu da kanta takan rufe da cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya, wato tun farko an sanar da yaro matsayin abin da yake ji. Mutanen Japan ma da “mukashi mukashi” suke buɗe tasu, ma'ana can da daɗewa, kamar yadda muke cewa ga ta nan ga ta nanku. Ka gaya mata wannan tatsuniyar mutanen wata ƙasa ce. Mai yiwuwa da ta ji shekara 300 za ta tuno da Ashabul Kahfi, waɗanda Alƙur'ani ya ce sun zauna a kogonsu shekara 300 da ƙarin 9, kuma wannan dama ce a gare ka ka bambance mata ƙissar da ta zo a wahayi da labarin da mutane suka ƙaga. Abin da ya fi kamata ka sa wa ido shi ne zaɓi. Ba kowace tatsuniyar Japan ce ta dace da mai shekara 9 ba, domin akwai labaran fatalwa, irin waɗanda Lafcadio Hearn ya tattara a 1904, da wasu tsofaffin ruwayoyi masu kisa da ramuwar gayya. Ka riƙa karantawa kafin ita, ko ka sa yayarta ta karanta ta faɗa maka abin da ke ciki.

Tambaya: Malam, mu a nan da Faransanci muka yi karatu, Turanci sai a sakandare muka fara. Wannan hanya ta tatsuniya za ta yi mana aiki? Daga wata ɗaliba, Damagaram.

Amsa: Za ta yi, 'yata, har ma kina da jarin da ɗalibin Najeriya ba shi da shi. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarnoni, Turanci ya kwashi kalmomi masu yawa daga gare shi. Shi ya sa a wannan labari “palace” da “princess” da “promise” da “stranger” ba za su ba ki wahala ba. Wahalarki tana wajen gajerun kalmomin yau da kullum da Turanci ya gada daga asalinsa, irin su “sea”, “boat”, “swim”, “give”, “forget”, musamman yadda aikatau ke sauya kama a shuɗaɗɗen lokaci ya koma “swam”, “gave”, “forgot”, don haka su za ki fi ba lokaci. Ki kuma yi hattara da masu kama da juna amma ma'anarsu ta sha bamban. Idan aka ce Urashima “rested” a fada, hutawa ya yi, ba zaman da “rester” ke nufi ba, wanda Turanci ke cewa “stayed”. Idan kin sami labarin a Faransanci kina iya karanta shi da farko domin ki san tsarinsa, amma ranar da za ki karanta na Turanci ki rufe wancan, kada ki ajiye su gefe da gefe.